Takarda Mai Wata Uku

Rigimar ta tashi ne a kan wata takarda da faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shekara fiye da hamsin yana aikin riga a wata 'yar rumfa da ke bayan kasuwar Unguwar Rimi. Daga birnin Zariya ya zo Kaduna yana saurayi, zamanin Sardauna, lokacin da kowane ɗan majalisa da kowane babban akawu ke son a gan shi cikin aska takwas. Bara ido ya ƙi, zura zare a allura ya gagara, sai ya aiko a kira ni in taya shi zazzage adakarsa, ya raba abin da zai raba tun yana da rai. Na tafi da ɗana, wanda ke karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zo hutu.

A can ƙasan adakar, ƙarƙashin ragowar zaren tsamiya da wani ƙullin alharini da ya koɗe, akwai gafaka, a cikinta kuma takardun zane. Yawancinsu aikin Kawu ne, wasu a kan takardar buhun siminti, wasu a bayan kalanda. Guda ɗaya ta fita daban. Ta yi launin ƙasa-ƙasa, gefenta ya cinye, a tsakiyarta an zana dagi. Kada ka kawo dagin nan na jikin ƙofofin ƙarfe na Kaduna a ranka, mai zobe biyu da murabba'i. Wannan dagi ne ya haifi dagi, ya haifi jikoki: igiya ta shiga ta fita, ta hau ta nutse, har ta cika da'ira, ido ya bi ta ya gaji bai ga inda ta faro ba.

Yaron ya tsura mata ido, ya yi shiru, sannan ya ciro waya ya shiga lalube. Can sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Tsoho, ashe kwafe kuka yi ta yi kuna cika mana baki? Ai wannan aikin Dürer ne."

Tsakanin jika da kaka ba a shiga. Kawu ya juyo da kunnensa mai ji. "Kai ja'iri, wane ne kuma Dura? Ɗan wace unguwa ne? Takardar nan daga hannun mahaifina na karɓe ta, shi kuma daga hannun malaminsa. Kakan Baturen naka ma bai san hanyar Zazzau ba."

Na karɓi wayar na duba. Gaskiya ɗaya ce, kamar ta yi yawa. Albrecht Dürer mutumin Nurembag ne a ƙasar Jamus, kuma a zamaninsa ba wanda ya kai shi suna wajen hoton da ake sassaƙawa a katako ko a farantin tagulla don a buga a takarda. Ya zauna a birnin Venis na Italiya daga 1505 zuwa 1507, kuma ana kyautata zaton a wannan tsakanin ne ya fitar da wasu zane shida da shi da kansa ya kira ƙulli. Babu mutum a cikinsu, babu doki, babu bishiya, farar igiya ce kurum tana saƙa kanta a kan baƙar da'ira. Shi ma ba daga kansa ya faro ba, ya bi sawun wasu zane shida ne da aka buga a Italiya ɗauke da sunan Leonardo da Vinci a tsakiyarsu. A littafin da ya riƙa rubuta abin da ya kashe da abin da ya bayar a tafiyarsa ta Antwerp, 1520 zuwa 1521, ya rubuta cewa ya ba wani mai zanen gilashin taga ƙullin nan shida kyauta. Ka ga ke nan kayan aiki ne, irin abin da mai sana'a ke miƙa wa mai sana'a, kamar dai gafakar Kawu.

Kawu ya ce kama da wane ba ta wane. Yaro ya ce gani ya kori ji. Ni kuwa tsohon malamin makaranta ne da ya ajiye alli, ba ni da aikin da ya fi bin diddigi, sai na roƙi aron takardar na mako biyu.

Washegari da hantsi na ɗaga ta a bakin taga, don in ga ko tawadar ta ratsa baya. Sai ga wani abu da ba tawada ba ya bayyana a cikin jikin takardar kanta: jinjirin wata uku a jere, kowane ya fi na gabansa ƙanƙanta. Da ka sauke ta daga haske sai su ɓace. Na so in yi shiru da bakina, domin na san wa wannan shaida za ta yi wa daɗi.

Masu yin takarda a Italiya suna da wata dabara tun ƙarni na 13. Sukan lanƙwasa siririyar waya su yi wata siffa, su ɗinke ta a jikin rariyar da suke ɗebo kunun tsumma da ita. Inda wayar take, takarda kan fi siranta, haske ya ratsa. Hatimin masana'anta ke nan. Shi wannan mai wata uku an yi shi ne musamman don kasuwar Musulmi, a masana'antun da ke ƙasar Venis, birnin da Larabawa ke kira Bunduƙiyya, kalma ɗaya da sunan bindiga a harshensu. Jirgin ruwa ya kai ta Iskandariyya da Tarabulus, raƙumi ya ɗauko ta ya bi ta Gadamas da Gat da Agadas ya sauke a Kano. Wanda duk ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan hannu da ke ajiye a Gidan Arewa, nan kan titin Rabah, ya ɗaga ganyensu a haske, zai yi ta gamuwa da watannin nan har ya gaji. Malamanmu na ƙarni na 19 sun rubuta fiƙihu da waƙoƙin wa'azi da wasiƙun sarakuna a kan tsumman Italiya.

Da yaron ya ji haka, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kwana biyu ya dawo mini da hujjoji a tattare. Na farko Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851 da sunan Abdulkarim. A cikin kayan Turai da ya lissafa ana sayarwa a kasuwar Kano akwai takarda mai alamar wata uku, da ruwan takubba daga Solingen, da duwatsun wuya daga Venis, da madubai, da allurai daga Nurembag. Daga Nurembag fa, garin Dürer. "Baba, takardar tasu ce, allurar tasu ce," in ji shi, "sai zanen ne kawai za a ce bai biyo ayari ba?"

Bai tsaya nan ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin abin da yake zato ya taɓa faruwa a Afirka. Tsakanin wajen 1490 da 1530 masassaƙan hauren giwa na gaɓar Saliyo sun yi wa 'yan kasuwar Fotugal ƙahonin busa da tukwanen gishiri. A 1988 Ezio Bassani da William Fagg suka nuna cewa wasu hotunan farauta da ke jikin kayan nan an ɗauko su ne daga adon gefen shafi na littattafan addu'a da aka buga a Paris a ƙarshen ƙarni na 15. A Habasha ma masu zane na ƙarni na 17 sun kwafi hotunan da ke cikin Linjilar Larabci da aka buga a Rum a 1590 zuwa 1591. Saboda haka takardar bugu ta Turai ta zo nahiyar nan, hannun Afirka kuma ya kwafe ta. Tambayar da ta rage ita ce ko tamu tana cikinsu.

Na aro madubin ƙara girma wurin wani mai gyaran agogo. Bugu yana da sawu. In da katako aka buga, nauyin matsewa kan bar gurbi a bayan takarda, ka shafa ka ji. In da farantin tagulla ne, za ka ga shatin gefen farantin ya kewaye hoton, tawada kuma ta ɗan taso kamar zare. Kuma tawadar bugu baƙa ce wuluk, da mai ake dama ta, ƙarfinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Takardar Kawu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Layin yakan fara da kauri, ya yi ta ramewa, sannan ya sake yin kauri, daidai inda mai zane ya mai da alƙalami cikin kurtu. Tawadar ta koma ja-ja, inda ta taru ma ta fara cin takardar, halin tawadar bagaruwa da kashin maƙera ke nan. A tsakiyar da'irar akwai ɗan huji, inda aka kafa tsinke aka zagaya. Hannu ne ya zana, da alƙalamin kara. Takardar fara fat ta ƙetaro Sahara.

Kawu ya yi hamdala, ya ce a kawo masa shayi. Yaro ya ce a'a, wannan bai kashe magana ba, mai yiwuwa malamin ya ga bugun ne ya kwafa. Sai na ce to mu je mu ga su waye suke kwafar wa a wancan zamani.

A zamanin da Turawa ke kira Farfaɗowa, ƙarni na 15 da na 16, bugu bai tsaya ga littafin karatu ba. Akwai wata kasuwa ta daban, ta takardun ado zalla, waɗanda ba a yi su don a rataye a bango ba. Maƙerin farfaru zai saya ya ɗora a kofin azurfa, mai sassaƙa ya ɗora a ƙofa, mai ɗaurin littafi ya ɗora a bangon fata, mace mai ɗinki ta ɗora a wuyan riga. Kafin bugu, in kana son zanen wani gwani sai ka je ka durƙusa a gabansa shekara da shekaru, kamar yadda Kawu ya yi, ko ka sami abin da ya ƙera ka riƙe a hannu. Da bugu ya zo, katako ɗaya ya haifi takarda ɗari-ɗari, mai sauƙin kuɗi, mai shiga jaka. Littafin zanen ɗinki na farko Johann Schönsperger ya buga shi a Augsburg a 1523, kafin shekarun 1520 su ƙare kuma maɗaba'un Venis sun cika kasuwa da irinsa. A ɗaya daga cikinsu, wanda Alessandro Paganini ya buga, akwai hoton mata suna kwafar zane zuwa ƙyalle: wata ta kara a taga, wata a gaban kyandir, wata tana buga ƙullin garin gawayi a kan takardar da aka huhhuje da allura. Wannan ne ya sa littattafan suka yi wuyar samu a yau. An yage su shafi-shafi, an huje, an shafe da gawayi, aiki ya cinye su.

Wani salon da takardun suka yaɗa daga ƙarƙashin ƙasa aka tono shi. Wajen 1480 mutanen Rum suka faɗa cikin ɗakunan fadar Sarki Nero da ƙasa ta binne, suka ga bango cike da reshe da tsuntsu da dodanni, masu zane suka riƙa sauka da igiya suna kwafa. Wannan nasu ne, gadon kakanninsu. Amma salon ƙulli da reshe mai naɗe kansa, wanda ya jawo rigimarmu, sunayen da su da kansu suka ba shi sun tona asirinsa. A 1530 Francesco Pellegrino, mutumin Florence da ke aiki a fadar Sarkin Faransa, ya buga littafin zane a Paris, ya rubuta a bangonsa cewa salon Larabawa ne da na Italiya. A 1548 Thomas Geminus ya buga nasa a Landan don maƙeran zinariya da masu aikin riga, ya kira shi adon Mur da na Dimashƙu, Mur kuwa su ne Musulmin Andalus da Magrib. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sunan da 'yan Italiya ke kiran aikin shigar da azurfa cikin tagulla: agemina, daga kalmar Larabci ajami. Ajamin nan dai namu da muke rubuta Hausa da shi, ma'ana abin da ba na Larabawa ba, a can kuma suna nufin aikin Farisa.

Dalili a fili yake. Venis ta daɗe tana ciniki da Masar da Sham a zamanin Mamluk, waɗanda suka yi mulki har 1517, 'yan kasuwarta suna zaune a Iskandariyya da Dimashƙu da wakilansu. Tasoshin tagulla masu ado, da dardumai, da littattafai masu bangon fata, suna sauka a bakin ruwan Venis jirgi bayan jirgi. A wannan birni Dürer ya yi shekara ɗaya da rabi yana yawo da ido buɗe. Abin da bugu ya yi shi ne ya cire zanen daga jikin tasa, ya shimfiɗa shi a takarda baƙi da fari, ya aika shi Landan da Antwerp da Nurembag, wurin maƙerin da bai taɓa ganin Dimashƙu ba kuma ba zai gani ba.

Akwai wani labari da ya gwada yadda hanyar ke tafiya. Gidan bugun Paganini, masu littafin ɗinkin nan, su ne suka fara buga Alƙur'ani da harufan ƙarfe a duniya, a Venis, tsakanin 1537 da 1538, da fatan sayarwa a ƙasar Turkawa. Aikin ya cika da kurakurai, bai karɓu ba, ya ɓace har aka riƙa shakkar ko an taɓa yin sa, sai a 1987 Angela Nuovo ta gano kwafi ɗaya tak a ɗakin karatun wasu limaman Kirista a Venis. Musulmi sun sayi takardar Venis da daraja muddin fara ce. Abin da za a rubuta ko a zana a kai, wannan sun bar wa hannunsu.

Yaron mai gaskiya ne in aka ƙure shi. Ya buga hotunan ƙulli shida na Dürer a shagon kwamfuta, ya ɗauki hoton tamu, ya jera su a tabarma. Ba wanda ya hau kan wani. Na Dürer kowane yana da 'yan ado huɗu a kusurwoyi, a wasunsu kuma an bar wuri a tsakiya, inda daga baya aka sa harufan sunansa biyu. Tamu ba ta da kusurwa, kuma a cibiyarta akwai ƙaramin dagi, sawun kyanwa kamar yadda sunan ya nuna, wanda duk sauran igiyar daga jikinsa ta tsiro. Shi kuwa wannan ƙaramin ƙulli na zobe biyu ya girmi Dürer da Mamluk duka, yana nan a daɓen gidajen Rumawa na dā a Tunisiya da Libiya.

Yana cikin bin igiyar da fensir a kan kwafin, sai ya tsaya. A sama wajen hagu, igiyar ta hau kan 'yar'uwarta, ta sake hawa kan ta gaba, ba ta nutse ba. Ya ruga wurin Kawu yana murna ya kama tsofaffi da kuskure.

Kawu ko gezau. "Sai yau ka gani? Dokar dagi ɗaya ce, in ka hau sai ka nutse. Ranar da mahaifina ya ba ni takardar nan ya ɗora yatsana a wurin, ya ce duk ran da zan sa shi a riga in gyara. Na sa shi a riga ya fi a ƙirga, ba wadda ta fita da shi."

Wannan ya tsaya mini a rai. Me zai sa gwani ya bar kuskure a takardar da yake aiki da ita? Sai dai in gwaji ce, ya zana ya ga inda ya kauce, ya je ya yi na gaskiya a wani wuri. Na koma kan madubi, wannan karon ban kalli zanen ba, gefen takardar na bi. A ƙasa, inda ta fara cinyewa, akwai 'yan ɗige-ɗige da na ɗauka datti ne: uku ja, biyu rawaya, da wani ja da aka ja kamar mai gwada bakin alƙalami. Mai zana riga ba ya bukatar launi. Tawada ɗaya yake zana wa mai ɗinki a jikin ƙyalle, zare ya rufe ta. Wanda ke ajiye kurtun ja da na rawaya kusa da na baƙi shi ne marubucin Alƙur'ani: baƙi na harufa, ja na wasali, rawaya na hamza, su ne kuma launukan zayyana.

Na tambayi Kawu, "Malamin kakanmu, ban da zanen riga, yana rubutu?"

Ya yi shiru ya daɗe. "Ai alaramma ne. Zanen riga abin cefane ne kawai. Akwai ma Alƙur'aninsa a gidan jikokinsa, in ba su rabar ba."

Ba abin mamaki ba ne. A birane irin Zariya da Kano aikin riga ya daɗe a hannun malamai da almajirai, mai zane daban, mai ɗinki daban, kuma sau da yawa mai zanen shi ne wanda hannunsa ya saba da alƙalami. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya ya kuma yi digirinsa na uku a kan aikin rigunan Hausa, ya bi wannan dangantaka tsakanin allo da allura.

Ranar Asabar muka ɗauki hanyar Zariya mu uku. A wani zaure cikin birni, bayan gaisuwa da tambayar bayan rabuwa da ta ci rabin sa'a, maigidan ya shiga ciki ya fito rungume da gafaka. Muka yi alwala. Alƙur'ani ne irin namu, ganye-ganye ba ɗinki, ruwayar Warshu, tsakanin allunan fata biyu. Irin waɗannan marubuta sukan raba shi huɗu, su yi babbar zayyana a farkon kowane kashi: a farko, da A'arafi, da Maryam, da Sad. Maigida ya riƙa ɗaga ganyen a hankali. Ta farko murabba'ai ce. Ta A'arafi ma haka. Da aka zo Suratu Maryam, yaron ya ja numfashi. Ga da'irarmu nan, girmanta ɗaya, ƙaramin dagin yana cibiya, an cike igiya ɗaya da ja ɗaya da rawaya. Ya ɗora kwafinsa a gefe ya bi da ido zuwa sama wajen hagu. A nan igiyar ta hau, ta nutse.

Na roƙi a ɗaga ganyen a ƙofar zaure. Wata uku. Muka ɗaga na gaba, sai ga harufan boko biyu a cikin jikin takardar, A da G. Wannan ya ba mu zamani. Harufan Andrea Galvani ne, mai masana'antar takarda kusa da Pordenone a arewacin Venis, wanda ya rasu a 1855, masana'antar kuma ta ci gaba da sa harufansa shekaru da dama bayansa. Takardar ba za ta wuce ƙarni na 19 ko farkon na 20 ba, ta zo daidai da lissafin Kawu na malamin mahaifinsa. Tsakaninta da ƙullin Dürer shekara ɗari uku ne da ɗoriya. A ganyen ƙarshe alaramman ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa da malamansa, ya ce ya gama ranar Laraba bayan la'asar. Shekara kuwa bai ga dalilin faɗa ba, kamar yawancin marubutanmu. Kawu ya sa aka karanta masa sunan sau biyu. Shekara sittin yana aiki da zanen mutumin, da laƙabi kawai ya san shi.

A mota muna dawowa yaron ya ce, "To tsoho, na janye. Amma ku da Dürer 'yan'uwa ne, kakanku ɗaya." Kawu ya ce ya yarda da zumuncin, muddin an san wane ne wa.

Muna wuce Jaji ne ya faɗi abin da bai faɗa ba tun farko. Ashe shi ma ya ci moriyar bugu. Daga shekarun 1950 'yan kasuwar littafi na Kano suka fara ɗaukar hoton Alƙur'anin da gwanaye irin su Sharu Bala Gabari suka rubuta da hannu, suna bugawa dubbai, har da zayyanarsa, ana kai shi Nijar da Gana da Kamaru. Kawu ya ce akwai wani gefen zayyana da ya gani a irin wannan bugu, ya ɗauke ya sa a bakin aljihun riga, masu saye suka yi ta yabon basirarsa, shi kuwa bai ce musu uffan ba. Furannin da matarsa, Allah ya jiƙanta, ke yi wa zanen gado da rigar filo kuma, daga wani littafin ɗinki na Turawa ta samo su, wanda ya bi gidajen unguwar aro-aro har ya yage. "Wannan kam," in ji shi, "in ka ce kwafe ne ba zan yi musu ba. Amma ka je ka faɗa wa kakarka."

Na mayar masa da takardar, ya miƙa wa jikan nasa nan take. Yaron ya riga ya ɗauki hotonta ya tura wa abokan karatunsa ta WhatsApp tun ranar farko, lokacin da yake neman masu goya masa baya. Ba wanda ya sake tunawa da wannan sai ranar babbar sallah. Muna zaune a ƙofar gida bayan an sauko idi, ɗan maƙwabcinmu ya zo gaisuwa cikin sabuwar shadda, a ƙirjinta da'ira cike da igiya, aikin injin kwamfuta, zare yana ƙyalli. Ya durƙusa. Kawu ya kai hannu ya dafa kafaɗarsa zai sa albarka, sai yatsunsa suka sauka kan aikin suka tsaya. Ya bi cibiyar, ya bi zagayen farko, ya haura sama wajen hagu.

"Wa ya yi maka aikin nan?"

"Inji ne, Baba. A kasuwa aka buga mini, sabon yayi ne."

"To ka koma ka gaya wa injin, a nan ya hau sau biyu." Ya juya wajen jikansa, wanda ya sunkuyar da kai yana danne dariya. "Kai ja'iri, aikinka ne. Shiga ka ɗauko mini aska, ka zura mini zare. Kai kuma tuɓe rigar."